Sandar washi, dutse ko injin kasuwa: wanne zai yi wa lanƙwasasshiyar wuƙarka?

Duk shekara in Sallar layya ta matso sai ka ga mutane a kasuwannin Alabar da Kejetia na Kumasi suna jujjuya sandar ƙarfen nan da mahauta ke goga wuƙa a kai, wani ya taya ya saya, wani ya ajiye ya ce bari kawai ya kai wa mai inji. Bana ma wani ƙanena da ya fara gasa chichinga, wato tsire, a Aboabo ya kawo mun wuƙar fiɗarsa yana ƙorafi, wai tsakiyarta na aske gashin hannu amma daga inda ta fara lanƙwasa zuwa tsini ko tumatir ba ta yankawa, kuma kullum sai ya goga ta. Ya ce "Yaya, in sayi wata sandar ne ko in koma dutse?" Toh amsar da na ba shi ce zan faɗaɗa a nan, don na san ba shi kaɗai ba ne.

Kafin a zo maganar me za a saya, ka ɗauki wuƙar ka dube ta tukuna, don lanƙwasa iri biyu ce kuma ba su da magani ɗaya. Akwai wadda bakinta ya turo waje kamar tumbi, irin wuƙar fiɗa da manyan wuƙaƙen mahauta da kan adda. Akwai kuma wadda bakin ya shige ciki kamar jinjirin wata, irin lauje, da ƙugiyar da manoma ke tsinko koko da ita daga saman bishiya, da 'yar wuƙar sassabe mai baki kamar na shaho. Wasu ma sun haɗa biyun, kamar kukri ta mutanen Nepal, kusa da ƙota ta shige ciki can gaba ta turo tumbi. Mai tumbi kusan komai zai iya wasa ta in hannu ya iya. Mai shigewa ciki kuwa shimfiɗaɗɗen dutse ba ya taɓa tsakiyarta kwata-kwata, gefunan dutsen kawai ke taɓawa, shi ya sa dole sai abu mai zagaye.

Na biyu, yaya dakushewar take? Ka juya bakin sama a ƙarƙashin fitila. In ba ka ga komai ba sai dai wuƙar ta rage ci, bakin ne ya ɗan kwanta gefe, miƙe shi kawai ake bukata. In ka ga wani siririn layi yana walƙiya, bakin ya mutu, sai an ci ƙarfe. In kuma akwai giɓi saboda an sari ƙashi, wannan gyara ne ba washi ba.

Na uku taurin ƙarfen. Wuƙaƙen kicin da na fawa da ake kawowa daga Jamus da Suwizalan yawanci suna wajen 55 zuwa 58 a ma'aunin taurin ƙarfe na Rockwell, na Japan kuma 60 zuwa sama, adda da wuƙaƙen kasuwa masu arha sun fi waɗannan laushi. Ƙarfe mai laushi bakinsa kwanciya yake yi, mai tauri ɓallewa yake yi, kuma wannan bambancin ne ke sa sanda ɗaya ta yi wa wannan aiki ta ɓata waccan. Daga nan sai sauran abubuwan da kowa ke tambaya: kuɗi, ƙarko, sauƙin koyo, da haɗari ga wuƙar da kuma yatsunka.

Sandar ƙarfe ta mahauta

Ita ce kowa ya sani, in ka je mayanka ta Kaase da sassafe ƙararta kawai za ka dinga ji. Abin da yawancin masu saye ba su sani ba shi ne ba wasa wuƙa take yi ba a zahiri, miƙe bakin da ya kwanta take yi, ƙarfen da take ci kaɗan ne ƙwarai, mai santsin ma kusan babu. Mahauci yana goga wuƙa a kanta duk bayan 'yan mintuna ne saboda wuƙar tana da kaifi tun farko, yana riƙe kaifin ne. Ƙanen nawa kuma wuƙar da tumbinta ya mutu yake ta gogawa yana jiran mu'ujiza.

Kuɗinta ya danganta. Marasa suna da ake zubawa a tebur suna da arha, amma ka kiyaye, wasu fentin kurom ne kawai a kan ƙarfe mai laushi, wuƙar ce ma ke cin sandar. Gwajin da nake yi, in mai kaya ya yarda, in ja bayan wuƙa a jikinta da ɗan ƙarfi, in ya bar zane mai zurfi na ajiye. Na kamfanoni irin su F. Dick na Jamus, wanda tun 1778 suke sana'ar, ko Victorinox na Suwizalan, sun fi tsada nesa ba kusa ba amma za ka iya bar wa ɗanka gado. Ba ta fashewa in ta faɗi, tsatsa ce kawai abokiyar gabarta, kuma da raɓar Kumasi in ka wanke ba ka goge ba za ka gani. Ga mai tumbi tana da kyau, ga mai shigewa ciki ma tana shiga. Amma kar ka ɗora wuƙar Japan mai tauri a kan sanda mai zane-zane a jiki, tana iya ɓantare bakin.

Sandar tangaran

Wannan fara ce ko ruwan toka, da wani irin tangaran mai tsananin tauri ake yin ta, a ma'aunin Mohs yana wajen 9, lu'ulu'u ne kawai a 10 cikin abin da aka saba gani ya fi shi sosai, don haka babu ƙarfen wuƙar da ba za ta ci ba. Tana miƙe baki kuma tana cin ƙarfe kaɗan-kaɗan, za ka ga baƙin layi na fitowa a jikinta, wannan ƙarfen wuƙarka ne. Kaushinta kaɗan ne, kamar na dutse mai lamba 1000 zuwa sama (lambar na hawa kaushin na raguwa), wato kaifin da take bari mai kyau ne, irin na fiɗa da ba ka so ka huda fata.

Wlh in sanda ɗaya kawai mutum zai saya, ni ita nake zaɓa masa, amma tana da aibu biyu. In ta faɗi a siminti shikenan ta zama biyu ko uku, ni tawa ta farko wata biyu ta yi, yaro ya janyo ta daga kan tebur. Sannan tana toshewa da baƙin ƙarfen nan har ta daina ci, sai ka wanke ta da soso da garin wanke tukunya ko ka goge da roban goge fensir. A shagunan kayan kicin na Adum ko manyan kantuna aka fi samunta, ba kasafai a tebur ba, kuma kuɗinta matsakaici ne. In wuƙar ta mutu murus za ta iya tashinta amma za ka gaji, hannu zai fara karkata, kuma daga nan ne rashin daidaito ke shigowa.

Af, in kana so ka ɗanɗana yadda take aiki kafin ka kashe sidi ko ɗaya, kifa kofin shayi na tangaran, zoben gindinsa da ba a shafa wa ƙyalli ba shi ma yana cin ƙarfe. Ga mai tumbi kawai amma.

Sandar lu'ulu'u

Ƙarfe ne aka manna wa garin lu'ulu'u na masana'anta a jiki. Tana ci da sauri, abin da tangaran zai yi a goga hamsin ita sai ta yi a goma, shi ya sa ta dace da wuƙar da bakinta ya mutu, da lauje, da ƙugiyar koko. Akwai masu siririn kai kamar allura da ke shiga tsakanin haƙoran wuƙar burodi ko lauje mai haƙora, DMT da Lansky na Amurka sun yi suna a irin su. Saurin nan kuma shi ne haɗarinta. Duk kuskuren da hannunka ya yi nan take take rubuta shi a jikin wuƙar, in kana yawan dannawa a wuri ɗaya cikin 'yan watanni za ka ga rami a tsakiyar bakin. Ba abin goga kullum ba ce. Kuma in ka danna da ƙarfi garin ne ke zubewa, a bar ka da sanda mai santsi, masu arhar ma tun a makon farko suke fara yin sanƙo. Ta kirki ta fi tangaran tsada. Kaifin da take bari yana da ɗan kaushi, yana da daɗin yanka igiya da ciyawa da jijiya, amma don fiɗa sai ka bi da tangaran ko fata.

Yadda ake jan lanƙwasa a kan sanda, don duk ukun nan hannu ɗaya suke so

A nan zan ɗan daɗe, saboda rabin masu cewa sandarsu ba ta da kyau hannunsu ne. Ka manta da yadda mahauta ke yi a iska fat-fat-fat, su shekaru suka yi. Kai ka kafa kan sandar a kan katako ko jiƙaƙƙen tsumma, ta tsaya a miƙe, hannunka a bayan abin tare yatsa.

Kusurwa: wuƙar kicin da ta fiɗa digiri 15 zuwa 20 kowane gefe, adda da abin sara 25 zuwa 30. Ba sai ka nemo ma'auni ba. Tazarar da ke tsakanin bayan wuƙar da sandar ta zama kamar kashi ɗaya cikin uku na faɗin wuƙar, wannan digiri 20 kenan kusan, kashi ɗaya cikin huɗu kuma 15. Wato wuƙa mai faɗin santimita 3 ka ɗaga bayanta santimita 1. Kuma ka lura, wuƙa tana sirancewa wajen tsini, don haka tazarar ma raguwa take yi.

Sai babban sirrin. Sanda wuri ɗaya tak take taɓawa a bakin wuƙa, ɗan ɗigo, kuma a wannan ɗigon dole bakin ya gitta sandar kamar alamar tarawa. A miƙaƙƙen ɓangare wannan ba wuya. Amma da ka iso tumbi, in ka ci gaba da ja a miƙe ba ka juya ƙota ba, sandar ta daina taɓa ainihin bakin, kafaɗarsa take gogewa, shi ne abin da ya sami ƙanena. Don haka kana jawowa kana karkata ƙotar a hankali tana bin lanƙwasar, daga kafaɗa da gwiwar hannu, wuyan hannu a kulle. Ga mai shigewa ciki juyawar ta ɗaya ɓangaren ce, kuma sandar ta fi lanƙwasar siranta, in ba haka ba ba za ta kai gindin kwarin ba. In ka zo tsini ka tsaya yana kan sandar, kar ka bari ya zame ya faɗi, zamewar nan ce ke mayar da tsini kamar kan cokali.

Dannawa kuma kaɗan, nauyin wuƙar da ɗan ƙari. Tunda ɗigo ɗaya ke ɗaukar duk ƙarfin, abin da kake ji kamar ba komai ba ne a hannunka yana da yawa a bakin.

Ka sayi baƙar maka, alƙalamin tawadar nan mai kaurin baki, ta sidi kaɗan ka shafe bakin wuƙar tun daga ƙota har tsini, ka ja sau biyu ka duba. Inda tawada ta goge nan kake taɓawa, inda ta rage nan kake tsallakewa. Wannan makar ta koya mun abin da shekara uku na goge-goge ba su koya mun ba. In kana cin ƙarfe da tangaran ko lu'ulu'u, ka yi gefe ɗaya har sai ka ji ɗan leɓe ya kwanto ta ɗaya gefen, ka shafa da yatsa daga baya zuwa baki, ba bin tsawon bakin ba dan Allah, kuma sai leɓen ya fito ko'ina har tsini kafin ka juya. Daga ƙarshe gefe-gefe, ɗaya nan ɗaya can, kana rage ƙarfi, sannan ka ja ta baya-baya a kan tsohon bel na fata yadda wanzamai ke yi wa aska. Lauje da yawa gefe ɗaya kawai aka fere, shi wannan gefen za ka wasa, bayan kuma shafa ɗaya a kwance don cire leɓe.

Dutsen washi

Kar wani ya raina shi. Mai fuska biyu da ake sayarwa ko'ina yana cikin mafi arha, yana shekaru, kuma ga wuƙa mai tumbi babu abin da ya kai shi fitar da baki mai kyau, tunda yana taɓa wuri mai faɗi ba ya saurin yin rami a wuƙar. Shi ma sai ka ɗaga ƙota in ka iso tumbi. Koyonsa ya fi na sanda ɗaukar lokaci, kuma tsakiyarsa na lotsawa in ka daɗe kana aiki, sai ka goga shi a kan shimfiɗaɗɗen siminti da ruwa ya dawo. Ga lauje kuwa ba shi da amfani sai dai ka yi da gefensa, wanda tsofaffi ke yi har gefen ya zagaye da kansa.

Sanfefa a jikin bututu

Wannan ta talaka ce kuma tana aiki fiye da yadda ake zato. Ka je wajen masu kayan fentin mota a Suame Magazine ka sayi sanfefa baƙa ta ruwa, lamba 400 da 800 da 1000, ka naɗe a guntun bututun roba ko sandar mofa, ka ɗaure da salatif. Ka samu sanda mai kaurin da kake so da kaushin da kake so. Sharaɗi ɗaya, baya-baya ake ja, bakin na bin baya, in ka tura shi gaba zai yanke takardar. Ba ta da ƙarko, takardar na cinyewa, amma canjinta ba ya ciwo.

Magagari, mai inji, da abin zurawa

Magagari na adda ne da gatari da fartanya, addar Crocodile da ake yi a Tema ma da shi manoma ke tashinta, kuma mai zagaye ko mai rabin zagaye na shiga lauje. Kar ka kai shi kan wuƙar kirki, ko dai ya zame saboda taurinta ko ya bar mata zane. Mai injin kasuwa kuma yana da ranarsa, in akwai giɓi ko tsini ya karye minti biyu ya gama kuma kuɗin ba yawa. Amma busasshen dutse mai gudu yana ƙona ƙarfe, in ka ga bakin ya yi ruwan ƙasa-ƙasa zafi ya wuce digiri 200, in ya yi shuɗi ya doshi 300, taurin wurin ya tafi kuma ba zai riƙe kaifi ba sai an cinye wajen. Na taɓa kai wa wani wuƙa mai tumbi ya dawo mun da ita kusan a miƙe, da na yi magana ya ce "Alhaji ai yanzu ta fi kyau". Ka nemi mai tsoma ta a ruwa akai-akai, kuma ka tsaya a kansa. Shi kuwa ɗan abin nan mai tsaga da ake zura wuƙa a ja, mai haƙoran ƙarfe yana yagar baki, ba ya kaiwa kusa da ƙota, ni ban ba kowa shawararsa ba sai mai wuƙar da ba ya jin ciwonta.

| Abu | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari | Mai tumbi | Mai shigewa ciki |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Sandar ƙarfe | arha zuwa tsada | sosai | mai sauƙi | ɓantare ƙarfe mai tauri | riƙe kaifi kawai | riƙe kaifi kawai |
| Sandar tangaran | matsakaici | har ranar da ta faɗi | mai sauƙi | fashewa | da kyau | da kyau |
| Sandar lu'ulu'u | ta kirki da tsada | matsakaici | sai an kula | cin wuƙa, rami | don tashin matacciya | ta fi kowa |
| Dutse | arha | sosai | sai an koya | kaɗan | ya fi kowa | a'a |
| Sanfefa a bututu | arha ƙwarai | kaɗan | matsakaici | kaɗan | da kyau | da kyau |
| Magagari | arha | matsakaici | mai sauƙi | zane | adda kawai | lauje |
| Mai inji | kaɗan duk zuwa | ba naka ba ne | ba aikinka | ƙonewa, ɓata siffa | don giɓi | ba kasafai ba |

Yanzu wa zai ɗauki me. In kai mahauci ne ko mai chichinga da wuƙa ke hannunka tun asuba, dutse a gida sau ɗaya ko biyu a mako, sandar ƙarfe ta kirki a wajen aiki, don tangaran ba zai rayu a cikin hayaniyar tebur ba. Haka na sa ƙanena ya yi, sandarsa ma ba mu canza ba, dutse muka ƙara da makar nan. Uwargida mai wuƙa biyu ko uku a kicin, tangaran kaɗai ya isa, a nema masa ƙusa a rataye nesa da yara. Mai wuƙar Japan, tangaran ko dutse mai laushi, ban da mai zane-zane. Manomi mai lauje da ƙugiyar koko, magagari mai zagaye in kuɗi ya yi kaɗan, siririyar sandar lu'ulu'u mai shiga aljihu in da hali. Mai kukri ko wata wuƙar da ta haɗa lanƙwasa biyu, lu'ulu'u ko sanfefa 400 don buɗe baki, tangaran don gamawa.

Wanda kuma sai shekara-shekara yake fito da wuƙa daga kube don ragon layya, kar ka sayi komai mai tsada. Sanfefa uku da guntun bututu da tsohon bel, ka zauna kwana biyu kafin Sallah ka yi a tsanake, ba ranar ba ana riƙe da rago ana jiranka, kuma dai malamai sun sha faɗa mana a wasa wuƙa sosai amma ba a gaban dabbar ba. In da giɓi tun na bara, kai wa mai inji tun yanzu kafin layi ya yi tsawo ya fara yi da gaggawa.